Tiyon Ruwa Yana Faɗin Ciwonsa: Yadda Ake Gano Ɓarna Kafin a Tona Ƙasa

Yau maganarmu a kan ruwan famfo take, da kuma hanyar da yake bi kafin ya iso bakin tulu.

Ruwan famfo matafiyi ne. A Yamai daga kogin Isa ake ɗibansa, a tace shi a Gudel da Yantala, sa'an nan a tura shi unguwanni. A Damagaram gari yana zaune bisa dutse, ruwan ƙasa ya yi ƙaranci. Saboda haka ake jawo shi daga nesa, daga wurare kamar Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. A ƙauyuka da yawa kuma, inji ne ke fitar da shi daga foraj ya kai shi shato, daga shato ya gangaro zuwa famfuna. Duk wannan tafiya cikin tiyo yake yin ta, wato bututun da aka binne ƙarƙashin ƙasa.

Tiyo kuwa yana tsufa kamar kowane abu. Yana tsagewa, yana hujewa, yana toshewa. Tambaya ita ce: in ya ɓaci a ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani, ƙaƙa za a san wurin? Masana sun samo amsa. Suna ɗan bugun ruwan da ke cikin tiyo, su saurari abin da zai dawo musu.

Ciwon da ido ba ya gani

In babban tiyo ya fashe, kowa zai sani. Ruwa zai ɓulɓulo bisa hanya, yara su taru, a kai labari. Irin wannan ɓarna ba ta daɗewa ba a gyara ba.

Mugun ciwo shi ne ƙaramar huda. Ƙasarmu yawancinta rairayi ce. Rairayi yana shanye ruwa ya yi ƙasa da shi, sama kuma ta zauna a bushe. Huda za ta iya yin wata da watanni tana yoyo, mutane suna bi ta kanta da ƙafa da amalanke, babu wanda ya sani.

Mu yi lissafi. A ce shato yana da tsawon metir 10. A ce kuma tiyon da ke ƙarƙashinsa ya yi huda mai faɗin milimetir 3, kamar ƙwayar dawa. Wannan huda tana zubar da ruwa kimanin litir 5000 a kwana ɗaya. Tano 25 ke nan, in tano yana cin litir 200. In kowane mutum yana bukatar litir 20 a yini domin sha da girki da tsabta, ruwan mutum 250 ne ƙasa ke shanyewa kullum.

Ruwan nan kuwa an riga an kashe masa kuɗi. An sayi mai ko an biya wuta, inji ya wahala, an biya ma'aikaci. Wanda ke sayen bido ɗaya a bakin famfo, shi ne a ƙarshe zai biya har da ruwan da ya zube. Mai garka ma haka ne. Masu noman rani a Gulbin Maraɗi, da Tarka, da Majiya, da Korama, da yawansu sun binne tiyon roba a garakensu. In tiyo yana yoyo, inji yana shan mai, albasa da tumatir kuma suna jin ƙishirwa.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A shekarar 2006 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa suna asarar ruwa wajen metir kubik miliyan 45 kowace rana ta hanyar yoyo. Metir kubik ɗaya litir 1000 ne. Ruwan nan ya isa ya wadatar da mutane kusan miliyan 200.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar asara. Babbar ita ce ta lafiya.

Muddin tiyo yana cike, ruwa yana matsa jikinsa daga ciki. Wannan shi ake kira matsi. Matsi ne ke tura ruwa waje ta huda, shi ne kuma ke hana datti shiga. Amma ran da aka ɗauke ruwa, matsi ya faɗi. Wani lokaci ma tiyo yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi, kamar yadda yaro ke zuƙar ruwa da kara. Abin da ke kusa da huda shi ke shiga: ruwan kwata, ruwan salga, ruwan da ya kwanta da damina, fitsarin bisashe. Da ruwa ya dawo, sai ya kwaso dattin ya kai shi cikin tulunanmu.

Ta haka ƙwayoyin cutar zawo, da taifot, da kwalara suke samun hanya zuwa gidan da yake ganin ruwansa mai tsabta ne. Mun san abin da kwalara take yi. A 2018 ta yi ɓarna a jahar Maraɗi, musamman wajen Madarunfa. A 2021 ta kama fiye da mutum 5000 a ƙasarmu, fiye da 150 suka rasu. Gurɓataccen ruwa da gurɓataccen abinci su ne manyan hanyoyinta. Don haka toshe hudar tiyo rigakafi ne, daidai da wanke hannu da rufe abinci.

Tunkuyin rago

Kafin mu fahimci dabarar masana, sai mun san wani abu da ke faruwa cikin tiyo.

Wataƙila kun taɓa rufe famfo da sauri, kuka ji tiyo ya yi ƙara, gum! Wani lokaci har ya girgiza. Faransawa suna kiran wannan abu da sunan da ke nufin tunkuyin rago. Masu magana da Ingilishi kuma suna ce masa gudumar ruwa.

Ga dalilinsa. Ku dubi garken shanu yana tafiya cikin matsattsen burtali. In ta gaba ta tsaya farat ɗaya, ta bayanta za ta buge ta. Ta uku ta bugi ta biyu, ta huɗu ta bugi ta uku. Haka bugun zai yi ta komawa baya har ya kai ga saniyar ƙarshe. Ku lura da kyau: babu saniyar da ta koma baya. Bugun ne ya yi tafiya.

Ruwa cikin tiyo haka yake. In an tare shi farat ɗaya, na gaba ya tsaya, na baya ya matse shi. Matsewar sai ta bi tiyo da gudu. Wannan matsewa mai tafiya ita muke kira igiyar matsi, domin ta yi kama da igiyar ruwa da ke tashi in an jefa dutse cikin tabki.

Shi ruwan kansa ba ya sauri. Cikin tiyo yakan yi wajen metir ɗaya a sakan ɗaya, kamar tafiyar mutum. Ku tuna, sakan 60 ne minti ɗaya. Amma igiyar matsi, cikin tiyon ƙarfe, tana yin metir 1000 ko fiye a sakan ɗaya. Kilometir guda ke nan kafin ka ce ɗaya. Ta fi ƙara sauri cikin iska har sau uku, domin ƙara metir 340 take yi a sakan. Cikin tiyon roba igiyar ba ta kai haka ba, saboda roba tana ɗan buɗewa. A nan takan yi metir 300 zuwa 500.

Tunkuyin nan yana da ƙarfi ƙwarai. In ruwa yana tafiyar metir ɗaya a sakan cikin tiyon ƙarfe aka tare shi farat ɗaya, matsin da zai ƙaru ya kai na shato mai tsawon metir 100. Shi ya sa tunkuyi yake fasa tiyo, ya kwance mahaɗi, ya lalata inji.

Mutumin da ya auna shi

A shekarar 1897 da 1898 wani malami ɗan ƙasar Rasha, mai suna Nikolai Jukofski, ya yi gwaje-gwaje a gidan ruwa na birnin Mosko. Ya shimfiɗa dogayen tiyoyi, yana rufe su da sauri, yana auna abin da ke faruwa. Shi ne ya fitar da lissafin ƙarfin tunkuyi wanda injiniyoyi ke aiki da shi har yau. Ya kuma lura da wani abu: in akwai huda a jikin tiyo, alamarta tana bayyana cikin awon. Ya nuna cewa da wannan alama za a iya sanin inda hudar take.

Sai dai kayan awo na wancan zamani ba su da kaifi. An daɗe ana kallon tunkuyi a matsayin abokin gaba kawai. Da kwamfuta ta yawaita, kayan awo suka inganta, sai masana suka koma ga maganar. A 1994 wasu malamai biyu a Amurka, Liggett da Chen, suka bayyana yadda kwamfuta za ta yi lissafin. Daga baya jami'ar Perujiya a Italiya da jami'ar Adeled a Ostareliya suka yi fice a wannan aiki. Sun gwada shi cikin ɗakin gwaji, sa'an nan bisa manyan tiyoyi na gaske masu tsawon kilometir da yawa. Abin da ke fasa tiyo, in an rage ƙarfinsa, shi ne ya zama ɗan aike.

Yadda ake yin awon

Asalin dabarar ba baƙon abu ba ne gare mu. Mace in za ta sayi tulu, ko da na Mirya ne, sai ta ƙwanƙwasa shi da yatsa. Lafiyayyen tulu yana amsawa da ƙara mai tsabta. Mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Yaro in ya leƙa rijiya ya yi kuwwa, muryarsa tana dawo masa. In rijiya ta yi zurfi, amsar takan ɗan jinkirta. A gidan likita ma, na'urar da ake duba cikin mai juna biyu da ita ƙara take aikawa, ta karɓi abin da ya dawo, ta mai da shi hoto.

Ga yadda ma'aikatan ruwa suke yi da tiyo.

Da farko suna neman wurin da za su taɓa ruwan ba tare da tono ba, kamar wurin makulli ko wurin fitar da iska. A nan suke ɗaura ma'aunin matsi. Ƴar na'ura ce mai ji ƙwarai. Tana auna matsi sau ɗaruruwa, har sau dubbai, cikin sakan ɗaya, tana aika wa kwamfuta.

Na biyu, suna buɗe wani ɗan ƙaramin famfo a gefen tiyo, ruwa ya riƙa fita kaɗan. In komai ya daidaita, sai su rufe shi farat ɗaya. An haifi igiyar matsi ke nan. Ƙarama ce, an auna ƙarfinta tun da wuri domin kada ta cuci tiyo.

Na uku, igiyar ta kama hanya. Muddin tiyo lafiya yake, wucewa take yi. Amma duk inda ta tarar da wani canji, wani sashe nata yana juyowa baya, kamar amsa-kuwwa. Sauran ya ci gaba.

Na huɗu, ma'aunin ya ji abin da ya dawo. Kwamfuta ta zana shi kamar layi mai hawa da sauka, ta kuma rubuta lokacin da ya iso.

Daga nan sai lissafi, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗalibin yaƙi da jahilci ba. A ce tiyon ƙarfe ne, igiya tana yin metir 1000 a sakan. A ce amsa ta dawo bayan sakan ɗaya. Igiyar ta yi tafiyar metir 1000 ke nan. Amma tafiyar zuwa da dawowa ce. Sai a raba biyu. Ɓarnar tana nisan metir 500 daga wurin awo. Sai a ɗauki igiyar awo a bi layin tiyo, a ƙirga metir 500, a kafa turke. A kusa da turken za a nema.

Ku gwada wannan da kanku. Tiyon roba ne, igiya tana yin metir 400 a sakan. Amsa ta dawo bayan sakan 2. Ina ɓarnar take? Ku ninka 400 sau 2, ku sami 800. Ku raba biyu. Tana nisan metir 400.

Kowane ciwo da muryarsa

Lokacin dawowar amsa yana faɗin wuri. Kamannin amsar kuma suna faɗin irin ciwon.

In huda ce, wani sashe na matsin yana kuɓucewa ta cikinta. Amsar da ke dawowa raguwa ce, layi ya ɗan sauka. Babbar huda, babbar sauka.

In toshewa ce, kamar rairayi ya taru, ko tsatsa ta cika ciki, ko an bar makulli a rabin rufe an manta, igiyar tana cin karo da matsatsi. Amsar ƙaruwa ce, layi ya ɗan hau.

In jikin tiyo ne ya cinye ya yi siriri, igiyar tana rage gudu a wurin, ta kuma mai da amsa. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin ana ganin wurin da zai fashe tun bai fashe ba. Maimakon a canza tiyo na kilometir goma, sai a canza guntun da ya lalace kawai.

In iska ce ta maƙale a wani tudu na tiyo, tana shanye bugun kamar matashin kai. Ita ma tana da tata alama.

In kuma wani ya haɗa reshe a ɓoye yana jan ruwa, igiyar tana rabuwa biyu a mahaɗin, amsa ta dawo. Reshen da ba ya cikin takarda sai ya bayyana a kwamfuta.

Na'urori masu gadi

Akwai wata hanya ta biyu. A nan ba mutum ne ke bugun ruwa ba. Tiyo da kansa ne ke yin kuwwa.

Lokacin da tiyo ya fashe, matsi yana faɗuwa farat ɗaya a wurin. Faɗuwar tana gudu gabas da yamma cikin tiyo. In an riga an ɗaura ma'auni biyu, ɗaya a kowane gefe, wanda ya fi kusa shi zai fara ji. A ce tsakaninsu metir 1000 ne, tiyon kuma na ƙarfe. In sun ji a lokaci guda, fashewar tana tsakiya daidai. In tana nisan metir 300 daga na farko, metir 700 ke nan daga na biyu. Na farko zai riga na biyu ji da kashi 4 cikin 10 na sakan. Kunnen mutum ba zai iya wannan awo ba, amma na'ura tana iyawa. Da wannan bambanci ake gano wurin. Birane kamar Singafo da Adeled sun ɗaura irin waɗannan na'urori bisa tiyoyinsu, suna gadi dare da rana. A Adeled an sa ɗaruruwa a tsakiyar birni a 2017.

Ƙaramar huda ma ba ta yin shiru. Ruwan da ke fita ta cikinta yana yin ƙara, shuuu, ba tsayawa. Ƙarar nan ita ma ƙananan igiyoyin matsi ce, tana bin ruwa da jikin tiyo. Akwai na'ura mai kunne biyu da ake liƙawa a wurare biyu, ta gwada wane kunne ne ya riga ji. Akwai kuma wadda ma'aikaci ke ɗorawa bisa ƙasa yana saurare, kamar yadda likita ke sauraren ƙirji. Sau da yawa ana haɗa dabarun. Igiyar matsi ta nuna yanki, kunne ya nuna daidai inda za a sa diga.

Inda dabarar take gajiya

Kowane kayan aiki da iyakarsa. Igiyar matsi ta fi aiki bisa dogon tiyo miƙaƙƙe wanda ba shi da rassa da yawa, irin wanda ke ɗauko ruwa daga nesa zuwa gari. Cikin unguwa kuwa, kowane reshe da kowace kwana suna mai da tasu amsa. Muryoyi su yi yawa kamar ranar kasuwa, ta huda ta ɓace a cikinsu.

Tiyon roba yana shanye igiya da wuri, ba ta yin nisa. Huda ƴar mitsitsiya amsarta ba ta da ƙarfi. Iska ma tana ɓata lissafi, domin ko kaɗan ce ta shiga ruwa, gudun igiya yana raguwa sosai. Inda ake yawan ɗauke ruwa, iska tana yawan shiga tiyo, tilas a fitar da ita kafin awo.

Har ila yau, sai an san tiyon. Na ƙarfe ne ko na roba? Mene ne faɗinsa? Ta ina ya bi? In babu takardar da ta nuna hanyarsa, ko kwamfuta ta ce metir 500, ba a san ta inda za a ƙirga ba. Kayan kuma suna da tsada, suna bukatar wanda ya koyi aikin. Aikin injiniyoyi ne. Kada wani ya ce zai gwada da makullin gari, domin tunkuyin da ba a auna ba fasa tiyo yake yi.

Namu aikin

A birane, kamfanin SPEN ne ke da alhakin manyan gine-ginen ruwa. Tun watan Janairu na 2024 kuma, kamfanin ƙasa NDE ne ke raba ruwa da gyaran tiyoyi, bayan ya gaji SEEN. A ƙauyuka akwai mai kula da famfo, da ƙungiyar masu amfani da ruwa, da hukumar komin. Amma babu ma'aikacin da zai iya zama ko'ina. Ido da kunnen jama'a su ne na'ura ta farko. Ga abin da kowa zai iya yi.

1. Mu rufe famfo sannu a hankali. Makulli mai hannu, wanda ake juyawa sau ɗaya ya rufe, shi ya fi haifar da tunkuyi. Mu koya wa yara. Mai garka ma ya buɗe makullinsa a hankali, ya rufe a hankali. In tiyo yana yawan yin gum, a kira mai gyara.

2. Mu lura da ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani bisa layin tiyo alama ce. Haka wurin da ke da laima kullum da asuba, ko ƙasar da ta lotsa, ko inda bisashe ke yawan tono.

3. Mu lura da ruwan. In ƙarfinsa ya ragu ba dalili, ko yana zuwa da rairayi, ko launinsa ko warinsa ya canza, a kai labari. In inji yana daɗewa fiye da da kafin ya cika shato, akwai dalili.

4. Mu tambayi konter, wato agogon ruwa. Da dare a rufe dukkan famfunan gida, a rubuta lambar da ke jikinsa. Da asuba, kafin kowa ya ɗebi ruwa, a sake dubawa. In lamba ta ƙaru, akwai yoyo cikin gida. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowane sakan yana zubar da wajen bido guda a kwana.

5. Ƙungiyar ruwa ta ƙauye ta yi haka da shato. A cika shi da yamma, a rufe dukkan famfuna, a sa alama. In da safe ruwa ya sauka, a sake gwadawa wani dare, ana rufe rassa ɗaya bayan ɗaya. Reshen da aka rufe ruwa ya daina sauka, shi ne mai ciwo. Kowane wata kuma a gwada lambar konter na foraj da jimlar lambobin famfuna, a rubuta cikin littafi. In rata tana ƙaruwa, ƙasa tana sha.

6. Mu saurara. A sami sandar ƙarfe ko busasshen itace mai tauri. Tsakar dare, lokacin da gari ya yi tsit kuma babu mai ɗibar ruwa, a ɗora bakin sandar bisa makulli ko jikin famfo. A sa babban yatsa bisa ɗaya bakin, a jingina kunne. In an ji shuuu ba tsayawa, ruwa yana fita a wani wuri. A matsa zuwa makulli na gaba. Inda ƙarar ta fi ƙarfi, nan ya fi kusa. Wannan ya fi aiki bisa tiyon ƙarfe.

7. Mu zana hanyar tiyo. Ran da ake binne shi, wanda ya iya rubutu ya ɗauki takarda. Ya rubuta ta inda ya bi, da nisansa daga masallaci, ko makaranta, ko wata bishiya. Ya rubuta irinsa da shekarar da aka sa shi. A ajiye takardar wurin ƙungiya. Masu tono suna tsufa, suna ƙaura, amma takarda tana nan.

8. Mu kare layin. Kada a gina salga ko ramin shara bisa tiyo ko kusa da shi. Kada a bar tiyon roba a fili rana tana dukansa, amalanke tana taka shi. Kada a huda tiyon jama'a a ɓoye. Ɗaure huda da robar taya ba gyara ba ne, domin datti yana bi ta ƙarƙashinta.

9. Bayan an ɗauke ruwa ya dawo, ko bayan gyara, kada a sha na farko. A bar shi ya zuba har ya washe, a ba shuka wanda aka tara. In ana shakka, a tafasa na sha, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa kamar Aquatabs yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, a jira minti 30. Wanda zawo mai ruwa-ruwa ya kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba.

Ƴan'uwa, magabata sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Mun tona, mun kashe dukiya, ruwa ya hau shato. Bai kamata ya koma ƙasa ta hudar da ba ta fi ƙwayar dawa ba. Injiniya yana da kwamfuta da ma'auni. Mu kuma muna da ido, da kunne, da alƙalami. A zaman ƙungiya na gaba, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba wannan shafi, ku sa ranar da za ku gwada shatonku. Sai mun sake saduwa.